Abin da Ke Ƙarƙashin Leda

Zuwa ga Takwarata, injiniyar da har yau ba ta iya ɗaurin ɗankwali ba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya rana, ya ƙurar siminti? Ni dai lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ta ce ita ta yi ritaya, ta dama kuma tana shawara. Babanki ya leƙo ranar Asabar, ya sha shayi, ya yi min faɗan gishiri, ya tafi.

Direban da ke kai muku siminti ya kawo min takardarki. Na ɗauka wasiƙa ce, da na buɗe sai ga layuka da lambobi kamar sakamakon asibiti. Sai da Kafinta ya zo ya ce min a kife na riƙe ta. Ya ce wannan shi ne dandamalin katakon da kika yi alkawarin sa wa a yi min a ƙofar baya, don in huta da matakalan nan uku masu neman raina, in kuma daina zaman ɗaki duk damina ina kallon taɓo ta taga. Kin dai san bayan gidanmu gangare ne, ƙofar ta ɗara ƙasa da tsayin ƙugun mutum.

Ya daɗe a tsaye yana karantawa, yana bin layukan da farce. Can ya ce, “Iya, wanda ya zana wannan ya san aiki.” Na ce masa wadda dai. Ya ce to, wadda. Da na ga girmamawar za ta yi yawa sai na ba shi labarin yadda kika yi ta jiƙa min katifa har kika shiga aji biyu.

Yanzu sun haƙa ramuka shida, kowanne yana haɗiye hannunsa har kafaɗa. Na tambaye shi ko rijiya kika ce a yi min. An zuba kankare, katako ya iso, wani irin kore-kore mai warin magani. Maƙwabciyata Mai Ɗinki ta bar kekenta ta koma zaman kan katanga, wai tana shan iska.

Kada ki ce in kira ki a waya. Wurin naku sai kin hau tudu ake jin ki, kuma waya ba ta barin mutum ya ƙarasa labari.

Ki ci abinci. A hoton da babanki ya nuna min hular kwanon nan ta fi ki ƙiba.

Kakarki.

*

Kakata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin wasiƙarki, ban da maganar katifa. Ina lafiya, aiki da godiya. Ki gaishe min da gwiwar dama, ki ce ta ƙara haƙuri.

Kaka, na san ki, shi ya sa zan yi miki bayani tun da wuri. Ramukan nan ba ɓarnar siminti ba ne, su ne za su hana ginshiƙai zamewa idan ruwa ya kwaso gangaren. Ƙafar kowane ginshiƙi za ta zauna a kan ƙarfe, kada ta taɓa ƙasa. Katakan da za su kwanta a ƙarƙashi, waɗanda za su ɗauki na sama, ki ɗauke su kamar haƙarƙarin mutum. Da ƙusa mai noti za a ɗaure su a bango, ba ƙusar guduma ba. Koren da kika gani maganin gara da ruɓewa ne, kada a haɗa da wani katakon daban.

Abin da na fi ji shi ne na sama, wanda za ki taka. Tsakanin kowane falle da ɗan’uwansa za a bar ’yar rata, kaurin fensir. Za ki ga kamar an yi mantuwa, ba mantuwa ba ce. Ta nan ruwa zai zube, iska ta shiga ta busar da shi. Katako in ya kwana da ruwa kullum, ko mai magani ne wata rana zai gaji.

Kada ki yi min dariya, amma wannan ne abu na farko da na zana ni kaɗai ake kuma ginawa, ba wani babba a kaina. A nan har yanzu lissafin wasu nake dubawa. Ke kika fara yarda ki tsaya a kan nawa.

In an gama a ɗauko min hoto.

Takwararki.

*

Takwara,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya, gida lafiya, kajina sun ƙaru da huɗu.

An gama. Jiya na fito da kujerata na zauna tun hantsi har rana ta juya, ina kallon bishiyar lemun tsamin kakanki daga sama kamar matar gwamna. Shingen dafawar nan da kika sa a kewaye ya yi min daidai ƙugu, na jijjiga shi da ƙarfina bai ko motsa ba. Kafinta ya kira abokan aikinsa biyu, ƙarti, suka hau suka yi ta tsalle. Ko ƙara bai yi ba. Na shiga ƙasa da sandata na ƙirga haƙarƙarin naki, na ga notin, na ga ƙarfen ƙafar ginshiƙai. Ba abin da aka rage a can.

Sama kuwa na ɗan yi masa kwalliya irin tamu ta mata, ba wani abu ba. Komai ya zauna yadda ya kamata.

Hoto sai kin zo ki gani da idonki. Wayata tun da ta faɗa bokiti take nuna mutane kamar aljanu, ta babanki kuwa kullum a cike take.

Mai Ɗinki ta riga ta yi wa kanta mazauni a kusurwar da ke jikin ƙofa. Kullum da yamma sai ta zagayo da ƙwaryar maɓallanta, mu zauna mu gyara duniya. Duk wanda ya shigo sai na ce masa jikata ce ta zana, mace, ita kaɗai. Mai kawo ruwa ya ji sau uku, yanzu yana hango ni yake cewa, “Na sani, Iya, mace ce.”

Allah ya yi miki albarka. Ki nemi miji mai tsayi, don ya riƙa miƙo miki guduma.

Kakarki.

*

Takwarata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya damina a wurinku? Tamu ta biyu ke nan tun da aka yi dandamali, kuma bana ruwan ba ya wasa. Na samu wasiƙarki ta watan jiya, na ji an sake hana ki hutu. Shekara biyu ba ki taka gidan nan ba, na fara zaton a takarda kawai kike.

Labarin da ya fi daɗi shi ne na gadar nan. Na sa babanki ya karanta min wurin sau biyu, don kada idona ya yi min ƙarya: wai gadar ƙafa da ’yan makaranta za su riƙa tsallake rafi a kanta, kuma ke ogan naku ya ce ki riƙe aikin tun daga zane har gini. Na ce wa babanki ai ba mamaki, a kaina kika koya.

Lemun tsami ya yi ’ya’ya har rassa na taɓa shinge. Zakaran nan mai ido ɗaya ya mutu, ba wanda ya yi kuka. Gwiwar hagu tana nan a ritayarta.

Af, na kusa mantawa. Wani ɗan tsautsayi ya faru makon jiya. Mai Ɗinki ta taso za ta tafi gida, sai falle ɗaya ya ɗan buɗe a jikin ƙofa, ƙafarta ta shiga. An kai ta an duba, tana gida. Kin san katakon zamani, ga ruwan bana. Kada ki sa abin a ranki, ki fuskanci gadarki.

Kakarki.

*

Kaka,

Ina fatan kina lafiya. Na hau tudu na kira Baba. Ya ce ba ɗan tsautsayi ba ne. Ya ce ƙafarta ta burma har cinya, ƙashin idon sahu ya karye, an ɗaure ta da filasta, kuma da wannan ƙafar take taka keken ɗinki. Me ya sa kika sa wannan a ƙarshen wasiƙa, bayan zakara?

Kaka, a jikin ƙofa ne. Nan kike fara sa ƙafa kullum da safe. Da ke ce za ki faɗa ciki, Allah ne ya tsare.

Don Allah kada kowa ya sake hawa. Ki amsa min waɗannan, ko ki sa Kafinta ya amsa: fallen ne ya karye ko haƙarƙarin da ke ƙasa? A tsakiya ya karye ko a wurin ƙusa? Cikinsa a bushe yake ko ya yi laushi? Baba ya ce shi bai duba ba, kin sa an kife tsohon tebur a wurin. Katako mai magani bai kamata ya ruɓe a damina biyu ba, sai dai in ni ce na yi tazarar haƙarƙarin da faɗi.

Direba zai dawo nan ranar Laraba. Ina jira.

Takwararki.

*

Kaka,

Laraba shida ke nan. Duk zuwan direba sai na tare shi tun bai kashe mota ba. Ya ce yana tsayawa a ƙofarki, kina karɓar tawa, kina cewa ya gaishe ni. Na kira wayarki ba a ɗauka.

Na gane, kuma ban ga laifinki ba. Kin yi ta faɗa wa mutane jikarki ce ta zana, ga shi abin da jikarki ta zana ya karya ƙawarki a gidanki. In ni ce ma ban san me zan rubuta ba.

Na fito da zanen na sake lissafin tun daga farko. Na yi sau goma sha ɗaya. Na ƙara nauyi, na sa mutum ashirin a kai, na rage ƙarfin katakon, kullum amsa ɗaya take fitowa, wai zai ɗauka. To amma bai ɗauka ba. Da na ga kuskuren da hankalina ya kwanta, sai in gyara in kiyaye. Wanda ya yi kuskure bai kuma iya gano inda yake ba, shi ne abin tsoro, don zai sake yi bai sani ba.

Baba ya ce unguwa ta kasu biyu, wasu na cewa Kafinta ya ci amana, wasu na cewa aikin mace ne. Ya ce Kafinta bai ce komai ba. Na san mutumin kirki ne, wataƙila ni yake rufa wa asiri.

Jiya na shiga wurin oga na ce a ba wani aikin gadar. Yara kusan ɗari uku ne za su riƙa bi ta kanta safe da rana, ƙasa kuma rafi ne, ba taɓon bayan gida ba. Ya tambaye ni dalili, na gaya masa. Ya ce ba zai karɓa yanzu ba, ya ba ni zuwa ƙarshen wata in sake tunani. Na riga na gama tunani. Zan koma duba lissafin wasu, a nan ba na karya kowa.

Ki ba Mai Ɗinki haƙuri a madadina. Ke ma ki yafe min kunyar da na ba ki. Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ko zagi ne.

Takwararki.

*

Takwara,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, kuma ban cancanci ki tambaya ba.

Wasiƙarki ta same ni ina tankaɗe, na karanta a tsaye, na nemi wuri na zauna a ƙasa. Wannan ita ce takarda ta biyar da na fara tun waccan Larabar ta farko. Huɗu na jefa a murhu, don duk sai in ga na fara ba ki labarin kaji. Yau ba kaji. Na ce wa direba ya jira ni ko zai kwana a ƙofar.

Ba fushi nake da ke ba. Kunya ce ta riƙe min hannu. Lissafinki ba abin da ya same shi. Abin da kika zana daban, abin da Mai Ɗinki ta taka daban, kuma ni ce a tsakani.

Ga yadda aka yi. Ranar da Kafinta ya fara shimfiɗa na sama, yana sa fensirinsa a tsakani yana bugawa kamar yadda kika ce. Ya yi kusan falle goma sai ga Mai Ɗinki a kan katanga. Ta leƙa ta ce, “Ikon Allah, injiniyar taku rowar katako ta yi? Ga kaji can ina hangowa ta ƙasa.” Ta ƙara da cewa duk wanda ya shiga ƙarƙashi neman ƙwai zai san kalar zanen kowa. Matan da suka zo awo wurinta suka kwashe da dariya.

Takwara, ni da na cika unguwa da ke. Na ji kamar an watsa min ruwan wanke-wanke. Suna tafiya na ce wa Kafinta ya cire, ya matse su, kada in ga ko allura ta wuce. Ya ce, “Iya, ba haka takarda ta ce ba.” Na ce takarda ce ta haifi uban mai takardar ko ni? Ya ce ruwa zai kwanta. Na ce ruwa ya kwanta, ai ba a gadonsa zai kwanta ba. Ya ce bari a tambaye ki. Na ce in ya sake ya tambaye ki, kada ya ƙara gaishe ni. Mutumin nan tun yana koyon riƙe zarto yake ce min Iya. Ya sunkuyar da kai ya ɗauki abin zare ƙusa.

To ashe ke kin ƙirga katakon ne har da ratar. Da aka matse, sai aka zo jikin ƙofa katako ya ƙare, saura wurin falle biyu. Ya ce sai an yi odar mai magani, mako biyu. Ni kuwa na riga na ce wa mutane Juma’a za a gama. Na shiga ɗakin ajiya na jawo katakan tsohon gadon kakanki, mai shuɗin fenti, wanda kika yi wa aika-aika. Na ce wannan ya ɗauki kakanki shekara talatin, ƙafar tsohuwa ce za ta gagare shi? Ya buga yana girgiza kai.

Da aka gama sai ga kore, ga shuɗi biyu a bakin ƙofa, kamar mai haƙorin roba. Wata kunyar ta sake kama ni. Na tafi kasuwa na yanko ledar ɗaki mai jajayen furanni, na shimfiɗe dandamalin kaf, na bi gefe da ƙananan ƙusoshi da hannuna don kada iska ta ɗaga. Ita ce kwalliyar da na ce miki. Wayata kuma ba ta taɓa faɗawa bokiti ba. Babanki ya zo ya ce ledar ta yi kyau, shi a zatonsa tana cikin zanen.

Damina biyu ruwan indararo yana bin gefen bango yana shiga ƙarƙashinta ba ya fita. Ina jin wurin yana ɗan lotsawa tun farkon bana. Sai na riƙa tsallake shi. Ni na san inda zan tsallake, ita ba ta sani ba. Wannan ne abin da ya fi hana ni sakewa.

Bayan an tafi da ita na ɗaga ledar. Katakon gadon ya zama kamar burodin da aka jiƙa, na sa yatsa ya shige. Naki kore sun yi baƙi, sun yi santsi, amma suna nan da ƙarfinsu. Haƙarƙari ko gezau. Na mayar da ledar na sa aka kife tebur, na kama bakina. Ina ji ana zagin Kafinta, har wani mai shago ya fasa ba shi aikin kantar shagonsa, na yi shiru. Ina ji ana cewa aikin mace, na yi shiru. Na ce ai zai wuce. Ban san can kina zaune kina ƙirga laifina sau goma sha ɗaya kina neman sunanki a ciki ba.

Ga guntun katakon nan na naɗe a tsumma na ba direba. Ki duba shuɗin fentin, kin san shi. Ki kai wa ogan naku da wannan takardar, ya karanta duka, kada ki ɓoye ko layi. In yana son ya ga tsohuwar da ta fi injiniya sani, ya zo, ina gida.

Kada ki ajiye gadar nan saboda ledata. Ki zage ni in kin so, sunanmu ɗaya, rabi a kanki zai sauka.

Kakarki, mai laifi.

*

Kaka,

Saƙo ya iso, saura kwana biyu wata ya ƙare. Ina lafiya.

Na kwance tsumman na ga shuɗin fentin, na zauna a kan buhun siminti na yi kuka a gaban leburori. Ban san ko na daɗi ne ko na haushi ba. Har yanzu ban sani ba.

Ba zan yi miki wasa a wannan wasiƙar ba. Wata biyu ina tsoron hannuna. Ko tsani aka ce in duba sai in kira wani ya sake dubawa. Layi ɗaya ya ishe ni tun Larabar farko, Kaka.

Na kai wa oga. Ya karanta a tsaye, ya murƙushe katakon da yatsu biyu. Da ya zo wurin “takarda ce ta haifi uban mai takardar” ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Sannan ya daina dariya ya tambaye ni sau nawa na je na ga aikin da idona. Na ce ban je ba. Ya ce to wannan ne kuskurena, ba lissafi ba, kuma a gadar nan ba ya son jin an buga ƙusa ɗaya ba na tsaye a wurin. Na karɓi aikin. Litinin za mu fara auna bakin rafi.

Saura Kafinta da Mai Ɗinki. Ni kin rubuto min, su kuma suna nan kusa da ke. Sabon katako mai magani yana tafe a motar direba. A cire na sama duka, a bar haƙarƙarin ya sha iska kwana uku, a sake shimfiɗawa yadda yake a takarda.

Jikarki.

*

Takwarata, ko da yake na ga kin sauke sunan kin koma “jikarki”,

Assalamu alaikum. Na karɓi hukunci, ban ɗaukaka ƙara ba. Ina lafiya, babanki lafiya. Ya ji labari, ya buɗe baki zai yi faɗa, ya tuna shi ya yabi ledar, ya rufe.

Na je shagon Kafinta da rana tsaka, lokacin da masu zaman benci suka cika. Ban aika a kira shi gefe ba. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗi komai da ƙarfi, har da gadon. Ban taɓa sanin tsakanin ƙofar shagon nan da titi yana da nisa haka ba sai da na juyo. Ya biyo ni ya ce, “Iya, ni ma da nawa. Na san ba daidai ba ne, kuma hannuna ne ya buga.” Daga nan na wuce wurin mai shagon da ya fasa ba shi aiki, na sake karantowa daga farko. Ya mayar masa da aikin kantar.

Mai Ɗinki ce ta fi wuya. Na same ta ƙafa a kan matashi, ɗinkin mutane ya taru a kwando. Na faɗa mata har da tsallakewar da nake yi. Ta yi ta juya maɓalli a hannu. Can ta ce, “Da kin ce min in tsallake.” Na ce, “Eh, da na ce.” Sai ta ce ita fa ranar nan ba ratar ce ta dame ta ba, abin ne ya yi mata kyau, ita kuma ba ta da jika injiniya. Ba ta ce ta yafe ba tukuna, ni ma ban matsa ba. Amma kullum da safe ina zuwa, ta riƙe yadi, ni in zauna a gefe in taka mata keken. Gwiwar dama ta janye maganar ritaya. Jiya mun ɗinke hannun riga a wuya, ta ce laifin injin ne, wato ni.

An cire ledar. Na so in ba kaji, Kafinta ya ce ko su kada a yi wa haka. An sake shimfiɗa na sama, ni ce mai riƙe fensir. Duk falle sai na soka shi a tsakani na ce ya buga. Wuri ɗaya ya ɗan matse, na sa ya cire. Ya ce, “Iya, yanzu kuma kin fi takardar tsanani.” Shekaranjiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, na tsaya a ƙofa ina kallo yana zubewa ta tsakani. Kafin in gama shayi wurin ya bushe. Ana hango kaji ta ƙasa, ƙwarai kuwa. Ina gaishe su.

Sai dai ratar taki ta ci min ɗankunne, na zinariyar nan da na ce naki ne in na mutu. Ya zame ya faɗa ta tsakanin falle na huɗu da na biyar daga ƙofa. In rana ta take ina hango shi yana ƙyalli kusa da ginshiƙin tsakiya. Kafinta ya ce bari ya shiga ya ɗauko, na hana. Babanki ma na hana.

Ogan naku ya ce ba ki zo kin ga aikin da idonki ba. To ga shi nan yana jira. Ki nemi kwana biyu kafin gadar ta riƙe ki, ki zo da hular kwanonki ki shiga ƙarƙashi, ki ƙwanƙwasa kowane ginshiƙi, ki taɓa kowane noti, ki fito min da ɗankunnena. Ni zan tsaya a sama in riƙa nuna miki ta ratar.

Kakarki, takwararki in kin yarda.